Olive Pratt Rayner na yi oda, Grant Allen aka kawo min: ra'ayina kan wannan bugun na The Type-Writer Girl

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na ɗora hoton littafin nan a status ake ta tambayata ina na samo shi, ya kai kuɗinsa ko bai kai ba, kuma wai da gaske ne namiji ne ya rubuta shi da sunan mace. Toh bari in amsa muku gaba ɗaya a wuri guda, kuma tun yanzu in faɗa, zan taɓo ƙarshen labarin a can ƙasa, duk wadda bata son a ɓata mata karatu ta tsaya a inda na gama maganar bango da takarda.

A taƙaice dai, labarin na bashi tauraro huɗu cikin biyar, bugun da ya zo hannuna biyu kacal, ita kuma wadda ta kawo min bani da ƙorafi a kanta ko na sisin kwabo.

Da ita zan fara tunda nata gajere ne. Wata baiwar Allah ce mai kawo littattafan Turanci daga waje, ta WhatsApp ake mata oda, ki tura mata sunan littafi ta duba miki farashi ki biya rabi, in ya iso ki cika. Lokacin da ta ɗibar min bai ma cika ba direba ya kira ni a tasha, an naɗe shi da kwali da leda ko lanƙwasa ɗaya babu. Da na buɗe na ga abun da na gani na mata magana nace Anti wannan fa ba sunan da na turo miki bane a jiki, tace wallahi ƙanwata haka ya zo, ni ma ban buɗe ba, in bai miki ba ki maido in mayar miki da kuɗinki. Ban maido ba dan ina son karantawa, amma wannan amsar kaɗai ta isa in sake sayayya a wajenta. Kuɗin kam ya yi yawa, da canjin dala da kuɗin jirgi, siririn littafi ne da za ki iya gamawa a zama biyu amma abun da na biya zai saya min littattafan Hausa masu kauri da dama, sai dai wannan ba laifinta bane.

Matsalar tana wajen waɗanda suka buga shi. Irin bugun nan ne na sai-an-yi-oda-a-buga, wato tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, wasu su kwaso rubutun daga intanet su zuba a inji su manna bango su sa a kasuwa, babu edita babu mai dubawa. Bangon hoton wata baturiya ce da jan baki da gajeren gashi da rigar da ko kusa ba ta zamanin Sarauniya Biktoriya bace, alhali littafin 1897 ya fito. Takardar fara fat mai ɗaukar ido, rubutun ƙanana, kuma an tura shi can cikin gam ta yadda sai kin danne littafin da hannu biyu kafin ki ga ƙarshen layi, ni kuwa da na danne sai shafukan tsakiya suka fara ɓallewa. Ga kurakurai irin na injin da ke karanta hoton shafi, harafi biyu su haɗe su zama ɗaya, waƙafi ya koma aya, duk inda aka sa kalmar Faransanci ko Italiyanci kuwa sai dai ki yi ta canka. Babu gabatarwa, babu bayanin ko kalma ɗaya a ƙasan shafi, kuma wannan littafi ne da kusan kowane shafi sai an ambaci Shakespeare ko Homer ko wani waliyyin Kiristoci ko wani wasan opera, in baki san su ba rabin daɗin ya wuce ki.

Duk wannan da sauƙi, zan iya haƙuri. Abun da ya ɓata min rai sosai shine babu sunan Olive Pratt Rayner ko a wuri ɗaya, ba a bango ba, ba a shafin farko ba, ba a baya ba. Grant Allen kawai aka rubuta da manyan baƙaƙe. Shafin sadaukarwa ma sun cire shi, kuma wannan shafin yana cikin labarin, dan a bugun asali "marubuciyar" ta sadaukar da littafin ne ga mijinta Theodore Rayner da ɗan uwanta Oliver Wendell Pratt, mutane biyu da ba a taɓa haifa ba. Wato mutumin nan bai tsaya a aron suna ba, sai da ya ƙirƙiro mata miji ya ƙirƙiro mata dangi dan kar kowa ya yi shakka. Wanda ya sayi wannan bugun bai san komai ba, zai karanta ne a matsayin wani labarin soyayya da wani bature ya rubuta, shikenan, alhali masu karatun 1897 sun saya ne suna ganin mace 'yar uwarsu ce ke basu labarin wahalar neman aiki a Landan. Wannan littafi daban ne da wancan ko da kalmomin ciki iri ɗaya ne.

Bari in ɗan faɗi waye shi dan a gane dalilin da yasa abun ya dame ni. An haifi Grant Allen a 1848 kusa da Kingston a Kanada, ya yi karatu a Oxford, ya je Jamaika ya koyar a wata kwaleji a Spanish Town, da kwalejin ta durƙushe ya dawo Ingila a 1876. Asalinsa mutumin kimiyya ne, mabiyin Darwin da Herbert Spencer, littattafansa na farko a 1877 da 1879 kan yadda jiki ke jin daɗin abu mai kyau ne da yadda ido ke gane launi. Toh kimiyya bata riƙe gida ba, ga mata ga ɗa ga ciwon ƙirji da ke korarsa zuwa ƙasashe masu ɗumi duk lokacin sanyi, sai ya koma ƙagaggun labarai yana zubo su ba ƙaƙƙautawa, wasu da sunansa wasu da sunayen aro irin su J. Arbuthnot Wilson da Cecil Power, har a 1891 ya ci gasar fam 1000 ta mujallar Tit-Bits. Yawan rubutu ya sa hannunsa ya riƙe har ya koma bugawa da tafireta, shi yasa in kina karanta yadda yarinyar labarin ke zama gaban injin za ki ji wanda ya san abun ne yake magana.

A 1895 ya fitar da littafin da ya jawo masa suna da zagi lokaci guda, The Woman Who Did, da sunansa na gaskiya, har ya rubuta a farkonsa cewa wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi rubutu dan biyan buƙatar zuciyarsa kawai. Labarin Herminia Barton ne, mai ilimi, wadda ta ɗauki auren Ingila na lokacin a matsayin bauta ta ƙi yarda a ɗaura, ta zauna da Alan Merrick haka nan, ya mutu da zazzaɓin taifot a Perugia ta Italiya kafin ta haihu, ta raini 'yarta Dolores cikin talauci da tsangwama, yarinyar ta girma ta juya mata baya saboda kunyar asalinta, ita kuma ta sha guba ta mutu. Littafin ya yi kasuwa sosai, har mata biyu suka maida masa martani da nasu littattafan a shekarar, The Woman Who Didn't da The Woman Who Wouldn't. Malaman coci sun zage shi, wannan ba abun mamaki bane. Amma wadda ta fi yi masa zafi ita ce Millicent Fawcett, jagorar masu neman a ba mata ƙuri'a, ta rubuta a mujallar Contemporary Review cewa mutumin nan ba aboki bane abokin gaba ne, bai taɓa taimakon wani yunƙuri na gyara halin da mata ke ciki ba, yanzu kuma ya zo yana haɗa neman ilimi da ƙuri'a da rushe aure. Ni dai ina bayanta a wannan, dan shi ɗin ne dai a 1889 ya rubuta a Fortnightly Review cewa yawancin mata dole su zama iyaye su haifi 'ya'ya kamar huɗu in ana so al'umma ta ɗore, kuma karatunsu ma ta can ya kamata ya fuskanta. Wato 'yancin da yake wa mace fata shine wanda shi ya zana mata da hannunsa.

Shekara biyu bayan wannan ƙura sai ga wata sabuwar marubuciya Olive Pratt Rayner da ɗan littafinta daga kamfanin C. Arthur Pearson, ba wanda ya santa. Ta sake fitar da wani a 1899 mai suna Rosalba, kuma jama'a basu san waye a bayan sunan ba sai da ya mutu.

Toh ga labarin. Juliet Appleton shekararta 22, ta yi karatu a Girton, kwalejin mata ta Cambridge da aka kafa a 1869, inda mace zata yi karatu ta zauna jarabawa iri ɗaya da maza amma jami'ar bata fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948, ki duba wannan tsawon jiran. Babanta soja ya rasu bai bar mata komai ba, abun da ta mallaka a duniya tafireta ne da keke da karenta ɗan China mai suna Commissioner Lin. Da bakinta take bada labarin, kuma muryar ce duk dukiyar littafin, yarinya ce mai kaifin baki mai ji da kanta, bata kuka bata neman a tausaya mata, aljihunta wayam amma tana ganin kanta matafiyin nan na Odyssey, tsohon labarin Girkawa na Homer, da ya fita yawon duniya. Ta bi tallan jarida ta samu aiki a ofishin wasu lauyoyi, ɗaki mai ƙura da duhu, akawuna maza suna ƙare mata kallo suna magana a kanta kamar bata wurin, oga shima kallon nata yake ba aikinta ba. Nan ne na ajiye littafin na yi shiru, dan duk wadda ta taɓa zama a shagon buga takardu na bakin jami'a ko bakin kotu tana buga wa mutane furojet da takardar rantsuwa daga safe har magariba, kwastoma ya jingina da kujerarta yana tambayarta lambar waya, mai shago kuma ya ce ki yi haƙuri kwastoma ne, ta san ɗakin nan ba sai an fassara mata ba. Shekara sama da 120 tsakani amma wurin zaman bai canza ba.

Juliet bata daɗe ba ta ajiye musu aikinsu ta hau kekenta ta nufi Sussex, wajen wasu masu aƙidar ba gwamnati ba shugaba da suka kafa gona kusa da Horsham wai kowa daidai yake da kowa. Wannan ɓangaren ya fi ko'ina daɗi a wurina. Ta je da zuciya ɗaya, ta tarar basu iya noman ba, surutu ya fi aiki yawa, kuma jagoransu mai wa'azin 'yanci shima abun da lauyan Landan ke so a wurinta shi yake so, sai dai shi ya lulluɓe nasa da aƙida, wai mace mai 'yanci ai bata ƙi. Ta ce masa 'yancin nata ya haɗa da ta ce a'a, ta kama hanya. Wallahi da na zo nan sai da na koma na tuna waye ya rubuta, dan wannan jagoran kusan maganar da Grant Allen ya yi ta yi a littafin 1895 yake maimaitawa, kuma ga shi a nan an tsiraita shi. Ko ya sani ko bai sani ba, da ya ari bakin mace sai ya faɗi abun da Fawcett ke gaya masa.

Wannan shine babban abun da na gani, kuma shi yasa cire sunan ya zama asara. Lokacin da ya yi magana da sunansa yana wa duniya wa'azi, macen tasa bata da dariya bata da ƙawa bata da wani buri sai aƙidarsa, kuma a ƙarshe ya kashe ta dan ya nuna shi ke da gaskiya. Da ya ɓoye a bayan Olive, ba mai kallonsa ba mai jiran ya kare wata aƙida, sai ga mace mai jin yunwa, mai lissafin kuɗin haya, mai kai kayanta jingina ta karɓo in ta samu, mai shan sigari da sa kayan hawa keke ana binta da ido a ƙauye, mai yin kuskure ta tashi ta kaɗe jikinta. 'Yancin Herminia a baki yake, na Juliet a albashi yake da ƙafar keke. Kuma haka abun yake a zahiri a Ingila ta lokacin, dokar da ta ba matar aure ikon riƙe dukiyarta ta zo a 1882, keke mai ƙafa biyu daidai wa daida ya fito a 1885, tayar iska a 1888, tafiretan Remington ya shiga kasuwa tun 1874 ya buɗe wa 'yan mata ƙofar ofis da a da maza zalla ne a ciki, waɗannan ne suka fitar da mace daga falo tun kafin ƙuri'a ta zo a 1918.

A hanyar dawowa ta yi karo da keken wata yarinya fara mai sanyin hali 'yar masu kuɗi, suka ƙulla ƙawance, Juliet ta laƙaba mata Michaela dan ita kowa sai ta bashi suna daga wani wasan kwaikwayo. Ta dawo Landan ta samu aiki wajen wani saurayi mai kamfanin buga littattafai, mai kunya mai rubuta waƙoƙi a ɓoye, tunda ita Juliet ce sai ta sa masa Romeo. Shine namiji na farko a littafin da ya tambaye ta ra'ayinta kuma ya saurari amsar. Suka kamu da son juna, ashe da alkawarin aure a kansa tun da daɗewa, labari ya kai su har Venice, a can ta tabbata cewa wadda zai aura ɗin ba kowa bace sai Michaela. Yana shirye ya fasa, Juliet ta ce a'a, ta sa shi ya cika alkawari, ita kuma ta koma Landan ta ci gaba da buga tafireta a wani ofishin daban. A nan aka rufe.

Na daɗe ina juya wannan ƙarshen. Ta wani gefen ya burge ni ƙwarai, dan babu gado da ya faɗo daga sama, babu attajirin da ya zo ya ɗauke ta, babu guba, ta rasa wanda take so kuma gobe da safe zata tashi ta tafi aiki. Kuma in kin lura ita ce ke da ƙarfin haƙura saboda tana da sana'a, ita waccan an raine ta ne dan aure kawai, in aka fasa bata da wani abun da zata kama. Ta ɗaya gefen kuma raina bai kwanta ba, dan har yanzu dai mace mai tsayawa da ƙafarta sai an sa ta biya wani abu, waccan ta biya da ranta wannan ta biya da soyayyarta, shi kuma Romeo da ya ɓoye alkawarinsa bai biya komai ba, mata biyu sun zauna sun warware masa matsalarsa. Haɗuwar keken ma ta yi yawa, duk faɗin Ingila a ce da budurwar ogan da baki ma haɗu da shi ba tukunna za ki yi karo, wannan kam an ja shi da igiya.

Akwai wasu wuraren kuma da gemu ke leƙowa ta ƙasan mayafin. Juliet na yawan tsayawa ta yaba ƙirar jikinta da yadda maza ke rikicewa a kanta ta hanyar da ni dai ban san mace na magana da kanta haka ba. Tana yawan yanke hukunci wai mu mata haka muke, mace duk iliminta zuciyarta ke jan ta, irin maganar da namiji ke so ya ji mace ta faɗa da bakinta. Sannan ga raini. Akwai Elsie, wata mai buga tafireta talaka da bata je Girton ba, kwafi kawai take bugawa a biya ta gwargwadon abun da ta buga, Juliet na taimakonta da gaske amma tausayin daga sama yake sauka, kamar ita Elsie an halicce ta ne dan wannan kujerar ita kuma Juliet tsautsayi ne ya kawo ta. Alhali irin su Elsie su ne dubban da suka cika ofisoshin Landan, kuma littafin sunan sana'arsu ya ɗauka. Yadda ake siffanta baƙi 'yan wasu ƙasashe da talakawa ma akwai ƙyamar zamanin a ciki, ki shirya ma wannan. Dalilin da yasa na rage tauraro ɗaya kenan.

Wata ta tambaye ni a inbox, toh wannan ba yaudara bace? Ni a ganina akwai yaudara a ciki kuma bai kamata a wanke shi tas ba. 'Yan gidan Brontë da suka fito a matsayin Currer da Ellis da Acton Bell, da Mary Ann Evans da ta zama George Eliot, sun ari sunan maza ne dan ƙofa a rufe take ko dan kar a raina aikinsu. Shi kuwa ƙofarsa a buɗe take, a shekarun 1890 labaran sabuwar mace, wato mace mai ilimi mai neman tsayawa da ƙafarta, ne ke ja a kasuwa, littafin Sarah Grand na 1893 ya yi ciniki na ban mamaki, sunansa shi kuma ya ɓaci a wajen matan da za su sayi irin wannan, sai ya shigo layinsu da lulluɓi. Ina tuna yarinyar da ta cire kuɗi daga ɗan albashinta ta saya tana jin yayarta ce ke mata magana. Ba shi kaɗai bane ma, William Sharp ya yi shekaru yana rubutu a matsayin Fiona Macleod har 'yar uwarsa yake ba wasiƙu ta kwafe da rubutun hannunta kafin a aika, sai da ya mutu a 1905 asiri ya tonu. Mu da ke karanta littattafan Hausa a WhatsApp da Wattpad mun saba da Maman wane da Ummu wance, kuma mun san yadda muke sakin jiki da marubuciya in mun ɗauka mace ce, mu gaya mata abun da ba za mu gaya wa namiji ba, shi yasa nasan abun ba wasa bane. Amma maganin wannan ba shine a goge sunan Olive a yi kamar ba a yi ba. A rubuta duka biyun a bango, a bar shafin sadaukarwar da mijin ƙarya da ɗan uwan ƙarya, mai karatu ya gani da idonsa ya yanke hukuncinsa. Masu wannan bugun sun hana ni wannan, sun sayar min da rabin kaya a kuɗin cikakke.

Kuma kar a ce na ce sai da sunan mace yake iya rubuta mace mai rai, dan bayan wannan ya yi Miss Cayley's Adventures da sunansa a mujallar Strand, itama 'yar Girton ce mai keke da ta fita duniya da kwabo biyu kacal a aljihu, ita har ta samu aikin ta samu mijin. Sai dai ni ina ganin a wajen Juliet ya koyo muryar.

Shawarata ga mai son saya, kar ki biya sai an turo miki hoton shafin farko da wani shafi daga tsakiya, in kika ga babu sunan kamfani sananne babu sunan edita toh irin nawa ne. Akwai bugun kamfanin Broadview na 2004 mai gabatarwar Clarissa Suranyi, shi ya kamata ɗalibai masu rubuta furojet kan adabin zamanin Biktoriya su nema ko da ya fi tsada. In kuma labarin kawai kike so, haƙƙin mallaka ya daɗe da ƙarewa, da ɗan data kaɗan za ki same shi kyauta a intanet, The Woman Who Did da Miss Cayley ma suna nan a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai kyauta, kuma zai fi kyau ki fara da na 1895 ɗin duk da nauyinsa kafin ki zo kan Juliet, a nan ne za ki ji bambancin da nake faɗa. Turancin ba mai tsauri bane sosai, wadda ta gama sakandare da kyau zata bi shi, ambaton tsofaffin littattafai ne kawai zai sa ki riƙa duba waya. Ga 'yan mata ƙanana kuma The Type-Writer Girl babu batsa a ciki, amma The Woman Who Did ina ganin sai wadda ta mallaki hankalinta, dan hujjojinsa kan aure sun saɓa da namu nesa ba kusa ba.

Masu irin wannan bugun sukan haɗa littattafansa uku ko huɗu a kundi ɗaya su ce an yi ragi, kar ki ruɗu, rubutun ƙara ƙanƙancewa yake gam ɗin kuma ba zai riƙe ba. In kuma Hilda Wade na ciki, labarin wata nas mai bin diddigin wanda ya zalunci babanta, ki sani ƙarshensa ba hannun Grant Allen bane, ciwon hanta ya kwantar da shi ya rasu ranar 25 ga Oktoba 1899 a Hindhead bai gama ba, maƙwabcinsa Arthur Conan Doyle mai Sherlock Holmes ne ya ƙarasa masa shi, kuma shima wannan ba lallai su rubuta miki a bango ba.